Ledar da ke sanyi da kuran: yadda ake haɗa ta, da abin da zafin Damagaram zai yi mata

Akwai wata irin leda da idan aka manna mata ƙarfe ta fuska biyu aka ɗora mata bolt masu yawa sai ta yi ɗumi nan take, idan aka janye kuran sai ta yi sanyi fiye da yadda take da farko. Babu gas a ciki, babu kwamfireso, babu ƙara. Masana na kiran wannan hali elektirokalorik, kuma shi ne ake fatan wata rana ya maye gurbin gas ɗin firigo irin R134a, wanda kilo ɗaya nasa idan ya tsere sama yana ɗumama duniya kamar kilo 1,430 na iskar kabon. Duk wanda ya karanta labarin zai ci karo da lamba guda da ake ta maimaitawa, wai ledar tana canza zafi da digiri 12. Lambar gaskiya ce. Sai dai ba ita ce za ta gaya maka ko abin zai yi aiki a Zinder a watan Afrilu ba.

Ledar ƴar gidan PVDF ce, folima mai doguwar sarƙar kabon. A jikin sarƙar, wani kabon yana riƙe da haidirojin biyu, na kusa da shi yana riƙe da fulorin biyu, haka har ƙarshe. Fulorin yana jan lantarki wajensa da ƙarfi, don haka kowace gaɓa tana da ɓangare mai cajin ragi da ɓangare mai cajin ƙari. Ita wannan gaɓa mai kai biyu ake kira dipol. Idan babu kuran, dipol ɗin suna kallon ko'ina, suna ta motsi. Da an ɗora filin lantarki sai su juya su kalli wuri guda. Hargitsin da ke cikinsu, wato entiropi, ya ragu ke nan, kuma tun da ba ya ɓacewa haka kawai, sai ya koma cikin girgizar ƙwayoyin ledar, ledar ta yi ɗumi. Idan aka bar wannan ɗumin ya fita waje alhali kuran na nan, sannan aka janye kuran, dipol ɗin za su sake watsewa, kuma zafin da suke bukata don watsewar daga jikin ledar za su ɗebe shi. Shi ne sanyin. Wanda ke son ji da jikinsa, ya sami robar ɗaure kuɗi, ya ja ta da sauri ya ɗora a leɓe, zai ji ɗumi. Ya riƙe ta a miƙe na ɗan lokaci ya sake ta, zai ji sanyi. Hujjar ɗaya ce, sai dai a nan hannu ne ke jera sarƙoƙin, a can kuran.

Abin ba sabo ba ne. Kobeko da Kurchatov sun gan shi a gishirin Roshel tun 1930, amma canjin ƙanƙane ne, aka yi shekaru da dama ba a ɗauke shi da muhimmanci ba. A 2006 Mischenko da abokan aikinsa a Kambirij suka ba da rahoton digiri 12 a fallen wani yumɓu mai dalma da ake kira PZT, mai kaurin nanomita 350 (nanomita kashi ɗaya ne bisa miliyan na milimita), da bolt 25 kacal, amma a zafin da ya haura digiri 220. A 2008 ƙungiyar Qiming Zhang a jami'ar jihar Fensilbaniya ta nuna kwatankwacin haka a leda, P(VDF-TrFE), haɗin sinadarai biyu, VDF da TrFE, mai rabon kashi 55 da 45, a wajen digiri 70 zuwa 80, da filin bolt miliyan 209 a kan mita.

A tsaya a wannan lamba ta ƙarshe, domin nan gizo ke saƙa. Bolt miliyan 100 a mita daidai yake da bolt 100 a kan kowane mikiron na kauri, wato kashi ɗaya bisa dubu na milimita. Ledar mikiron 10 tana son bolt 1,000 kafin ta kai wannan matakin, ta mikiron 50 tana son 5,000. Don a sami digiri 12 ɗin nan sai an ninka haka fiye da sau biyu, kuma a nan ledar tana dab da hujewa. Ana iya kai ta can na ɗan lokaci a ɗakin gwaji, a ɗan fili da bai kai farce ba. Na'urar da ke kunnawa da kashewa sau ɗaya a daƙiƙa kuwa za ta yi zagaye sama da miliyan 31 a shekara guda. Mai son ledarsa ta daɗe yakan tsaya can ƙasa da inda take hujewa, kuma da yake canjin entiropi yana tafiya ne da ninkin jeruwar dipol a kanta, rage kuran kaɗan yana cin sanyi mai yawa. Wannan ya sa aikin da aka buga a 2021 daga jami'ar Jiao Tong ta Shanghai ya fi burge mu a kan duk manyan lambobin baya: sun sami digiri 7.5 da bolt miliyan 50 kawai a mita, ta hanyar ɗan sauya ginin sarƙar folimar.

Zaɓen folima shi ne matakin farko, kuma yanayin gari ne ke yanke shi. Tasirin ya fi ƙarfi a kusa da zafin Kuri, wato inda folimar ke barin jerarren hali ta koma watsattse, musamman sama da shi kaɗan. A P(VDF-TrFE), yawan VDF ne ke ɗaga wannan zafin: rabon 55/45 yana wajen digiri 65 zuwa 70, rabon 70/30 yana wajen 100, na 80/20 ya haura 130. Ƙasa da zafin Kuri, dipol ɗin ba sa komawa da kansu idan an janye kuran, sai an tura su baya da filin kusan bolt miliyan 50 a mita, kuma duk wannan turawar zafi take zama. Saboda haka wannan jinsin bai dace da sanyaya ruwa ko magani ba. Wanda ya dace shi ne mai sinadari na uku, P(VDF-TrFE-CFE), inda ake cusa CFE kashi 7 zuwa 9 cikin ɗari. Ƙwayar kulorin da ke cikinsa babba ce, tana farfasa manyan yankunan dipol su zama ƙanana, sai su riƙa juyawa da sauƙi su koma da kansu, kuma aikin ya bazu daga ƙasa da zafin ɗaki har sama da digiri 50. Kamfanin Piezotech na rukunin Arkema a Faransa yana sayar da jinsunan biyu a matsayin gari.

Haɗa ledar ba ya bukatar manyan injuna, yana bukatar tsabta da haƙuri. Lissafin farko mai sauƙi ne. Nauyin folimar giram 1.8 ne a kowane santimita mai ɗaki, wato dunƙule mai santimita ɗaya a tsawo, faɗi da kauri. Falle mai faɗin santimita 10 da tsawon 10, kaurin mikiron 10, giram 0.18 ne. Idan an narka miligiram 50 a kowane mililita na ruwan narkarwa, mililita 3.6 za a zuba a kan gilashin. Ana motsa haɗin awoyi da dama a ɗumin digiri 40 zuwa 60 har ya zama garau, a tace shi da matacin PTFE mai ramin mikiron 0.45 ko ƙasa, a bar shi ya huce kumfar iska ta fita, sannan a zuba a gilashin da aka daidaita kwanciyarsa da ma'aunin magina. Gilashin da ya karkata kaɗan zai ba da leda mai kauri a gefe guda, sirara a ɗaya, kuma a siraran wajen za ta fara hujewa, tun da bolt ɗaya ne a ko'ina amma filin ya fi ƙarfi inda kauri ya ragu. Mai son fallen da bai kai mikiron 2 ba sai ya koma ga faifan juyi, inda saurin juyawa da kaurin haɗin ke tsara kaurin fallen.

Ruwan narkarwa uku aka fi amfani da su, kuma kowanne da halinsa a yanayinmu. MEK yana tafasa a digiri 80. A ɗakin da ya kai digiri 40 yana bushewa kafin haɗin ya gama kwanciya, sai ka ga zane-zane da ƙuraje a fuskar ledar. DMF yana tafasa a 153, yana ba haɗin lokaci, amma yana shan ruwan iska. A watan Agusta, da damina ta kankama, ruwan da ya sha zai sa folimar ta rabu da shi tun tana jiƙe, ledar ta fito fara kamar madara maimakon garau, cike da ƙananan ramuka. Irin wannan ledar a zubar da ita kawai, babu gashi a tanda da zai gyara ta. DMF kuma yana taɓa hanta, yana ratsa fata, sai da safar hannu da ta dace da wurin da ke zuƙe tururi waje. Saikulofentanon, mai tafasa a wajen 131, shi ne tsaka-tsaki, kuma shi za mu fi ba da shawara a nan.

Mutum zai yi zaton hunturu ne lokacin aiki, tun da iska a bushe take ƙamas. Ta fuskar danshi haka ne. Amma ƙurar da ke tasowa daga kwarin Bodele na Cadi tana ɗauke da ƙwayoyi masu girman ƴan mikiron, daidai da kaurin ledar. Ƙwaya ɗaya da ta faɗa cikin haɗin tana jiƙe ta isa ta zama wurin da filin lantarki zai taru ya huda. Busasshiyar iska kuma tana sa ledar ta tara cajin gogayya, da an ɓare ta daga gilashi sai ta nannaɗe ta riƙa jawo ƙura da kanta. Maganin ba ya wuce akwati rufaffe mai matacin iska mai kyau da fanka da ke tura iska ciki, yadda kullum iskar ciki ce ke fita ta kafofi. Bushewar ma a ƙarƙashin murfi za a yi ta, da ƴar kafa ta fitar tururi. Ɓarewa kuma a cikin tataccen ruwa, wanda ke shiga tsakanin leda da gilashi ya ɗaga ta ba tare da an ja ba.

Sai gashi. Da farko ana busarwa a wajen digiri 60, sannan a saka a tanda mai zuƙe iska don fitar da ragowar ruwan narkarwa, wanda ido ba ya gani amma yana buɗe wa kuran hanyar yoyo. Bayan nan ake gasawa don kiristal su girma, a zafin da ke sama da na Kuri amma ƙasa da na narkewa. Ga mai sinadari biyu, digiri 130 zuwa 140 na awa biyu ko fiye, tun da yana narkewa a wajen 150. Ga mai uku, wanda ke narkewa tun wajen 120 zuwa 130, ana tsayawa a 100 zuwa 110. Tazarar ƴar kaɗan ce, kuma tanda mai arha takan wuce lambar da aka sa mata da digiri goma kafin ta dawo. Idan siririn falle ya narke ya sake daskarewa, sarƙoƙin kan miƙe tsaye a kan gilashin maimakon su kwanta, dipol ɗin su koma kallon gefe, filin da ke ratsa kauri ya kasa juya su yadda ya kamata. A saka ma'aunin zafi na daban kusa da fallen, kada a dogara da allon tandar. Ɗaukewar kuran a tsakiyar gashi ma ɓarna ce ta ɓoye: ledar za ta fito lafiya a ido, amma yawan kiristal ɗinta ya bambanta da na jiya, sakamakon gwaji ya ƙi daidaituwa ba a san dalili ba. Ƙaramar tanda a kan batir da panno ta fi babba a kan layin gari.

Ƙarfen fuska, wato elektirod, ana turara shi ne a cikin injin da aka zuƙe wa iska. Zinari mai kaurin nanomita 30 zuwa 50 ya fi yawa a gwaje-gwaje, amma aluminiyom siriri yana da wata fa'ida da masu ƙera kondansatar leda suka daɗe da sani: idan wuri ya huje, tartsatsin yakan ƙone ƙarfen da ke kewaye da ramin, wurin ya ware kansa, sauran fallen ya ci gaba da aiki. Ƙarfe mai kauri ba ya ƙonewa haka, sai ya haɗe sama da ƙasa, fallen duka ya mutu. A bar gefe na milimita da dama babu ƙarfe, domin iska tana tartsatsi tun a bolt 3,000 a kan milimita, kuma a kan fuska mai ƙura tun ƙasa da haka. Gwajin manyan bolt ana yin sa ne cikin man silikon. Kuran kuma ta fuska ɗaya ake ba shi, daga sifili zuwa sama a dawo sifili. Juya shi zuwa ragi ba ya ƙara sanyi, asara kawai yake ƙarawa.

Batun awo shi ne inda ya kamata mai karatu ya fi sa ido. Manyan lambobin 2006 da 2008 ba da ma'aunin zafi aka same su ba. An auna yadda cajin fallen ke canzawa da filin lantarki a matakan zafi daban-daban, aka saka cikin dangantakar Maxwell, aka fitar da canjin entiropi, daga nan aka lissafa zafi. Misali, entiropi jul 55 a kilo a kan kowane digiri, a ninka da zafin kelbin 350 (wajen digiri 77), a raba da ɗaukar zafin folimar wajen jul 1,500 a kilo a digiri, ya ba da kusan digiri 13. Hanyar halas ce, da sharaɗin fallen ba ya yoyo kuma yana komawa daidai inda ya taso. Idan yana yoyo, na'ura za ta ƙirga kuran da ya zurare a matsayin cajin dipol, madaukin caji da filin lantarki da take zanawa ya kumbura ya yi zagaye, kuma da yake yoyo yana ƙaruwa da zafi, lissafin zai iya ba da lambar ƙarya, har ma da tasiri na baibai. Awon kai tsaye ya fi wuya amma ya fi gaskiya. Ana yin sa da kyamarar zafi, ko ƙaramin ma'auni da aka manna, ko na'urar auna kwararar zafi da aka gwada da ƴar waya mai ɗumi wadda aka san ƙarfinta. Abin da za a duba shi ne tsinin ɗumi lokacin kunnawa da tsinin sanyi lokacin kashewa su yi kusan daidai. Duk abin da na ɗumi ya fi na sanyi da shi, asara ce. Kuma a ɓare fallen a rataye shi a firam, domin fallen mikiron ɗaya a kan silikon mai kaurin mikiron 500 ba ya iya nuna zafinsa, silikon ya shanye kafin a gani.

Yoyon nan shi ne abin da zafin garinmu zai fi tsananta. Zafin da yake haifarwa a kowane mita mai ɗaki na folima shi ne filin a ninka a kansa a raba da juriyar folimar. A bolt miliyan 100 a mita, idan juriyar ta kai om-mita biliyan 100, asarar wat 0.1 ce a santimita mai ɗaki, ba komai ba ce. Idan zafi da ragowar ruwan narkarwa da gishirin yatsa suka sauko da ita zuwa biliyan ɗaya, asarar ta zama wat 10. A gefe guda, ledar da ke canza digiri 5 sau ɗaya a daƙiƙa ba za ta kwashe fiye da wat 13.5 a santimita mai ɗaki ba. Kusan duk ribar ta tafi. Yawancin gwaje-gwajen da ake bugawa a ɗakin digiri 20 zuwa 25 ake yin su. Gefen zafi na na'urar da ke aiki a Zinder a bazara zai zauna a 45 zuwa 50, inda folimar ta fi laushi, ta fi yoyo, ta fi saurin hujewa.

Ko leda ta fito ba aibi, sauran aiki na gaba, domin ɗumi da sanyin a wuri ɗaya suke faruwa. Dole ledar ta taɓa gefen zafi lokacin da take da kuran, ta koma gefen sanyi bayan an janye. Folimar ba ta wuce da zafi sosai, wat 0.2 ne a mita a digiri, amma sirantarta na ceton ta: zafi na ratsa mikiron 10 cikin kusan kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa, mikiron 50 cikin kusan kashi 34 bisa dubu, milimita guda kuwa sai daƙiƙa 13. Matsalar tana wajen haɗuwar fuska da fuska. Iska ta fi folimar rowar zafi kusan sau takwas, don haka giɓin iska na mikiron 10, wanda ƙwayar ƙura ɗaya za ta iya tokarewa, daidai yake da ƙara wa ledar kaurin mikiron 77. A 2017 ƙungiyar Qibing Pei a jami'ar Kalifoniya ta Los Anjalas ta yi dabarar jan ledar sama da ƙasa da ƙarfin cajin lantarki, wanda ke manna ta sosai a kowane gefe, suka sami wat 2.8 a kowane giram da ribar sanyi ninki 13 na kuran da aka ci, amma a tazarar zafi ta ƴan digiri ƙalilan. A 2020 suka jera hawa huɗu suka kai digiri 8.7. Masu aiki da yumɓu a Luksambur, da ruwa mai kai da komo tsakanin faranti, sun kai digiri 20.9 a 2023, sai dai yumɓun nasu na da dalma a ciki.

Yanzu a gwada da bukatarmu. Firigon allurar rigakafi dole ya riƙe digiri 2 zuwa 8, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tana gwada na ƙasashe masu zafi a ɗakin digiri 43. Tazarar kusan 40 ke nan, kafin a ƙara abin da ake bukata don zafi ya fita ta bayan na'ura. Babu ledar da ta kusa nan. Fallenmu na giram 0.18 kuwa, idan yana canza digiri 5, jul 1.35 yake kwashewa a zagaye guda, shi ma idan babu tazara ko kaɗan, don haka ko wat 50 sai an tara falle da yawa. A ganinmu wurin da ledar za ta fara shiga shi ne sanyaya abin da ya riga ya fi iska zafi, kamar batirin waya ko ƙananan sassan cikin na'urar juya kuran panno, inda rage digiri biyar zuwa goma ke ƙara wa kaya kwana, kuma babu gurbin kwamfireso.

Tara falle yana zuwa da haɗarinsa. Fallen nan guda kondansata ne na kusan maikurofarad 0.35, yana riƙe jul 0.18 a bolt 1,000. Guda ɗari a haɗe jul 18 ne, wanda ya isa ya yi wa mutum mummunar illa, kuma cajin na nan bayan an kashe na'ura. Sai an sa resistans mai zubar da caji a haɗe dindindin, da wani na megohm ɗaya ko fiye a kan layin gwaji don taƙaita kuran. Wannan jul 0.18 ɗin kuma shi ne kuɗin kowane zagaye. Idan aka zubar da shi ƙasa duk lokacin kashewa, ribar ta ragu ƙwarai, shi ya sa na'urori masu kyau ke haɗa falle biyu su riƙa miƙa wa juna caji, ɗaya na cika ɗaya na zubewa. Ragowar leda da ta lalace kada a jefa ta a wutar bola: idan folimar fulorin ta ƙone tana fitar da hayaƙin haidirojin fulorid, mai cin huhu.

Ɗalibin kimiyyar fizik a jami'ar André Salifou da ke neman aikin da zai iya da kayan da ke hannu ba sai ya fara da farautar digiri 12 ba. Ya haɗa falle daga buhun gari ɗaya, wasu a Janairu wasu a Agusta, ya yi wa kowane ƙananan elektirod ashirin zuwa talatin, ya riƙa ɗaga bolt da sauri iri ɗaya, misali 500 a daƙiƙa, har kowanne ya huje, a digiri 25 da 45 da 60. Ya zana sakamakon a jadawalin Weibull, wanda ke ba da lamba biyu: filin da kashi 63 cikin ɗari suka huje a kansa, da gangaren da ke nuna ko hujewar ta taru wuri ɗaya ko ta warwatse. Gangare mai ƙasa da biyar yana nufin ƙura ko ramuka ne ke kashe fallen tun kafin folimar ta kai iyakarta, kuma gyaran yana wajen akwatin zubi. Kafin kowace hujewa ya riƙe rabin filin na minti guda ya rubuta kuran da ke yoyo, bayan cajin farko ya lafa.